Aikin ƙarshen kaka a filin golf: magudana da ramukan yashi

A Sikotilan, da zarar an mayar da agogo baya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, aikinmu na masu kula da filin golf sai ya sake salo. Ciyawa ta daina tsawo, injinan yanka sun koma rumfa, 'yan wasa sun ja baya. Zuwa ƙarshen Nuwamba rana ba ta fitowa sai bayan takwas na safe, kafin huɗu na yamma kuma ta faɗi. A wannan ɗan tsakanin muke yin manyan gyare-gyaren da ba sa yiwuwa lokacin da fili ke cike da jama'a.

Filin da nake aiki yana yankin Fife, amma ba a bakin teku yake ba irin shahararren filin golf na garin St Andrews, inda ƙasar rairayi ce mai shanye ruwa nan take. Tamu yumɓu ce. Ruwan kwana biyu ya isa ya mayar da hanyar rami na shida (ciyawar da ake bi da ƙwallo zuwa ramin da ake jefa ta) fadama, har ramukan yashin da ke gefenta, waɗanda aka gina su zama tarko ga ƙwallo, su zama kududdufai. Kwamitin kulob ya so a sayo sabon yashi a zuba, don shi ido ke gani. Maigidanmu ya ce a fara tono tukuna, kuma ina tare da shi ɗari bisa ɗari.

Daga ƙasa muka soma, wato bakin da ruwa ke fita ya faɗa rafi, muna haurawa sama, domin ruwan da ke taruwa a ramin da muke haƙawa ya riƙa samun mafita muna cikin aiki. Da muka kai ga tsohuwar magudanar, sai ga gajerun bututun yumɓu irin na da, an jera su baki da baki. Na ɗaga ɗaya da shebur, nauyinsa ya ba ni mamaki. Cikinsa cunkushe yake da saiwar bishiya, sirara kamar gashi, sun murɗe da wata jar laka mai santsi, wadda ƙarfen da ke cikin ƙasa ke haifarwa idan ya haɗu da iska. Ko ɗigo ba ya wucewa.

Muka haƙa sabon layi mai zurfin kusan santimita 60, muka shimfiɗa bututun roba mai huji-huji, babba na milimita 100, ƙanana na 80 suna shigowa cikinsa a karkace daga dama da hagu. Gangara ita ce ran aikin: aƙalla santimita 1 a kowace mita 2, kuma da na'urar awo muke bi, ba da ido ba. Wuri ɗaya ya lotsa, nan laka za ta kwanta ta toshe komai. A kan bututun sai wankakkiyar tsakuwa, sannan yashi, sannan a mayar da ciyawar da aka yanka aka ajiye gefe. Yumɓun da aka tono kuwa tirela ce ke kwashe shi. Duk wanda ya mayar da shi cikin ramin don ya rage kuɗin tsakuwa, ya liƙe bututunsa da hannunsa. Katakai muke shimfiɗa wa motar haƙa, in ba haka ba sawun tayarta zai zauna har watan Mayu.

Sai da ruwa ya samu hanya muka juya kan ramukan yashi, aikin da na fi ƙauna. Tsohon yashin ya gauraye da laka, duk muka kwashe shi, muka sa wa kowane rami nasa bututun a gindi. Bangon ramin kuma da ciyawa ake gina shi. Ana yanko ta da ƙasarta fale-fale, a kwantar da layi ɗaya, a cika bayansa da ƙasa, a daddaɓe, a ɗora na gaba an ɗan ja shi baya da faɗin yatsa. Wanda ya taɓa ganin magini yana ɗora tubali ya san yanayin. Wannan ja da bayan shi ke yanke tsayuwar bangon, kuma a nan hukunci yake: ya miƙe da yawa, dattijon ɗan wasa ba zai fita ba, ya kwanta da yawa, ramin bai tsoratar da kowa ba. Tsohon filin St Andrews yana da irin waɗannan ramuka 112, kuma a na rami na 17 ne ɗan wasan Japan Tommy Nakajima ya yi bugu huɗu kafin ya fitar da ƙwallonsa a babbar gasar golf ta Open ta 1978. Mu ba irin wannan azabar muke gina wa mutanenmu ba.

Bangon ciyawa ba ya dawwama. 'Yan shekaru ne ya fara zaizayewa, wanda ke fuskantar kudu ya riga saura, saboda rana na busar da shi, ga yashin da sanda ke watsa masa kullum. Shi ya sa muke raba ramukan, kowace shekara a ɗauki wasu.

Sanyi ne ke tsara mana jadawali. Ranar da aka wayi gari ƙasa ta daskare, ba a taɓa ciyawa: wadda aka yanko karyewa take, wadda ke tsaye kuma in aka taka ta, bayan kwana biyu sawun ƙafa zai fito baƙi. Irin wannan safiyar sai mu koma kwasar ganye da share bakunan magudana.

Sabon yashin mun zuba shi kusan santimita 10 a gindi, mun daddaɓe, mun zagaye ramukan da igiya da alamar ana gyara. Yana buƙatar ruwan hunturu ya zaunar da shi, don in aka buɗe da wuri ƙwallo nutsewa za ta riƙa yi. Ba za mu cire igiyar ba sai Maris, kuma kafin nan akwai layin magudanar rami na sha ɗaya da ke jiranmu a Janairu.