Yadda muka zaɓi keken lantarki a Sheffield

Maigidana ya kamu da cutar shan inna tun yana ƙaramin yaro, kuma da sanduna biyu ya yi karatu, ya yi aiki, ya yi aure. A Kano babur mai ƙafa uku yake hawa, irin wanda masu walda suke haɗa wa masu lalurar ƙafa, bai kuma taɓa jiran wani ya kai shi kasuwa ko masallaci ba. Da na samu aikin jinya a Ingila muka tare a Sheffield, sai fita ta gagare shi. Garin a kan tuddai yake, ko'ina hawa ne da gangara, ga ruwan sama mai sa daɓen titi santsi, ga sanyin da yake ƙara wa ƙafar rauni.

Abin da muka fara bincikawa shi ne wanda zai biya kuɗin. Hukumar lafiya ta NHS tana ba da keken guragu bayan ta auna buƙatar mutum, amma a al'ada ba ta ba da keken lantarki mai kan babur wanda ake shiga gari da shi. Akwai shirin Motability, da aka kafa a 1977, wanda yake ba da hayar keken a madadin kuɗin tallafin zirga-zirga da gwamnati take biyan naƙasassu, sai dai bizarmu ta haramta mana karɓar irin wannan tallafi. Sauƙin da muka samu shi ne harajin saye na kashi 20 cikin ɗari, wanda ake yafe wa mai lalura ta dindindin idan ya cike takardar shaida a wurin mai sayarwa.

Doka ta raba kekunan gida biyu. Na aji 2 ba ya wuce mil 4 a awa ɗaya, kuma wurinsa hanyar masu tafiya a ƙasa. Na aji 3 yana kai mil 8 a kan titi, yana da fitilu da sigina da madubi da hon, dole a yi masa rajista a DVLA, hukumar rajistar motoci, ko da yake ba a neman lasisin tuƙi. Maigida, da yake tsohon ɗan babur ne, nan take zuciyarsa ta kwanta da na aji 3, ni kuwa na roƙe shi mu fara auna gidan kafin mu je kanti.

Gidan ne ya yanke hukunci. Muna haya a jerin tsofaffin gidajen nan masu haɗe da juna, akwai matakala a ƙofar gaba, bayan gida kuma sai an bi ta wani siririn lungu. Babban keke yana iya kai kilo 150 da faɗin santimita 85, ba mai ɗaga shi, kuma ba zai iya karya kwanar lungun ba. Ga maganar caji, wadda masu talla ba su cika tayar da ita ba: a gidajen bene da yawa an hana ajiye keken ko yi masa caji a barandar da kowa yake bi, saboda tsoron gobara. Mu sai da mai gidan hayar ya amince aka kafa ƙaramar rumfa a baya aka ja mata wuta.

Daga nan na karkata ga ƙaramin da ake warewa a saka a but ɗin mota, domin kamfanonin bas da yawa ba sa ɗaukar wanda ya wuce santimita 60 a faɗi da mita 1 a tsawo. Muka je ofishin Shopmobility, inda ake ba da aron kekuna ga masu zuwa cefane a tsakiyar gari, ya gwada iri dabam-dabam. A nan muka gane cewa ƙaramin na fili ne. Tayoyinsa ƙanana ne, kowane ɗan tudu sai ya ji shi a baya, kuma nisan da ake rubutawa a takarda a shimfiɗaɗɗen wuri ake auna shi, ba a hawan unguwarmu cikin hunturu ba, lokacin da batir yake saurin ƙarewa. Mai taya uku ya ba shi wurin miƙe ƙafar da take da ƙarfe, yana kuma juyawa a matsattsen wuri, amma ya fi saurin karkata a gangara, wannan kuwa a Sheffield ba abin wasa ba ne.

Abin da muka saya shi ne matsakaici na aji 2 mai taya huɗu, na hannu, wanda aka sa wa sababbin batura, da kujera mai juyawa gefe domin ya sauka ba tare da murɗa ƙugu ba, da maƙalar sanduna a baya. Ba ya shiga bas, mun san da haka, amma masallaci da makarantar yara da kantin halal duk suna cikin nisan da yake iya kaiwa. Inshora ba dole ba ce, duk da haka muka yi, domin idan ya buge wani a kanti shi zai biya. Babbar riga ma ta koma ta ranar salla, tun da ya lura hannunta yana saukowa kusa da taya.

Ranar da ƙanƙara ta daskare a hanya ba ya fita, kuma har yanzu mil 4 tana ba shi haushi. Ya riga ya shaida mini cewa idan za mu sake gida, sharaɗinsa na farko shi ne ƙofa marar matakala mai faɗin da na aji 3 zai shige.