Kwana biyu a Adar: masallacin laka na Yama da ɗakin karatun Dandaji

Da biki ya kaini Adar, can yankin Tawa a Nijar, wajen dangin mahaifiyata, ban tafi da niyyar yawon buɗe ido ba sam, naje ne dai a ɗaura aure mu ci tuwo mu juyo. Daga Sakkwato muka ɗau hanyar Illela muka tsallaka iyaka zuwa Birnin Ƙonni, sai muka miƙe arewa hanyar Tawa. Af, Illela biyu ce fa, akwai tamu ta Najeriya a bakin boda akwai kuma ta Nijar can ciki, kuma a yankin ta biyun ne abun da zan baku labari yake.

Washegarin ɗaurin aure kawuna ya kirani yace "ɗana, kai da kake ta ɗaukar hoto da waya, ka taɓa ganin masallacin Yama?" Nace a'a Kawu. Yace toh sa takalminka, ba ka barin ƙasar nan baka ganshi ba.

Yama ƙauye ne kusa da Badagishiri, gonakin gero ta ko'ina, rumbunan ƙasa, jakai, amma tun daga nesa zaka hango hasumiyoyi huɗu sun taso sama da gidajen garin kuma wallahi babu wadda tayi kama da ƴar uwarta, kowacce da tsayinta da irin adonta. Masallacin gaba ɗayansa da ƙasa aka gina shi. Wani magini ɗan garin, Falke Barmu, wanda manomi ne kamar kowa a wajen, shi ya fara aikin a 1962, kuma ba kwangila aka bayar ba, mutanen gari ne suka yi gayya, wasu na buga tubali wasu na kwaɓa ƙasa, mata na kawo ruwa. A 1975 ya sake rufin yayi masa baka da ƙubba, hasumiyoyin kuma daga baya ya ƙara su, aka gama wajen 1982. Sai a 1986 masallacin ya ci lambar yabo ta Aga Khan, wadda tana cikin manyan kyaututtukan gine-gine na duniya gaba ɗaya. Manomi, a ƙauye, da laka.

Abun da yafi tsaya min a rai shine lokacin da muka cire takalma muka shiga. A waje rana ta take, ƙasa na ƙuna a tafin ƙafa, amma ina sa ƙafa ciki naji wani sanyi ya ratsani kamar na randa, babu fanka babu komai. Ginshiƙai masu kauri a jere, sama kuma bakan gizo sun haɗu da juna, haske na shigowa kaɗan kaɗan ta ƙananan tagogi. Na dafa bango sai naji sawun yatsun wanda yayi yaɓe, layi layi, har yanzu suna nan. Na daɗe hannuna a wajen. Kawu bai ce min komai ba, ya tada nafila, nima na bishi.

Rana ta biyu muka je Dandaji, shima a yankin ne. Nan labarin sabo ne. Tsohon masallacin garin ya tsufa har ana maganar rushe shi, sai Mariam Kamara, ƴar Nijar mai zanen gine-gine, ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili ƴar Iran suka kawo shawarar a gyara shi ya koma ɗakin karatu, a gina sabon masallaci a gefensa wanda zai ɗauki mutum 1000. Sunan wajen Hikma. Bulon da aka yi aikin dashi jar ƙasar wajen ce aka matse a inji, ba'a ɗauko komai daga nesa ba sai abun da ya zama dole. Aikin ya ci zinare a gasar gine-gine ta LafargeHolcim ta yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a 2017, a 2018 kuma ya ci azurfa a ta duniya. Naga yara ƴan lakwal, wato ƴan makaranta, zaune da littattafansu a inda kakanninsu suka yi sahu, har da mata, abun ya min daɗi sosai. Kasuwar garin ma Mariam ce ta zana ta, da rumfunan ƙarfe masu launi kamar lema lema an kewaye wata tsohuwar bishiya dasu.

Maganar masauki kuwa, mu dai a gidan dangi muka kwana, aka shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida ƙarƙashin taurari, da safe fura da nono, da yamma dambun zogale da cuku da shayi tukunya uku. Baƙon da bashi da kowa sai ya nemi otal a Tawa ko Ƙonni ya riƙa zuwa yana komawa, kuma ya tambayi halin da hanya ke ciki kafin ya taso saboda yanayin tsaro, ya fara gaida mai gari da liman kafin ya ɗaga waya yace zai ɗau hoto.

Abun da ke damuna tunda na dawo shine yanda muke raina ginin ƙasa. A unguwarmu duk wanda ya samu kuɗi abun farko shine ya rushe soron kakansa ya ɗora siminti da kwano, sannan watan Afrilu yazo kowa ya kasa bacci a ɗaki sai a fito waje ana fifita, maginan da suka iya ɗaurin guga, wato rufin baka na ƙasa, kuma suna tsufa babu yaran da ke koya. Akwai wani tsohon soro a gidanmu da ake ta cewa a rushe bayan damina, na riga na kira yayana na roƙe shi a dakata, kuma na fara cigiyar magini da zai zo ya duba azarar ya faɗa mana nawa yaɓen zai ci.