Tsakar Gidan da Na Yi wa Kaina a Manchesta

Wata uku da zuwana Manchesta abin ya faru. Ranar wata Asabar ce cikin Mayun 2023, rana ta leƙo bayan kwana da kwanaki ana yayyafi, na ce bari in shanya wanki a waje ko kayan Hanif sa daina warin danshi. Na fita ɗan filin da ke bayan gidanmu da ɗaurin ƙirji, kaina ko ɗankwali babu, kitson ma duk ya tsufa, ina 'yar waƙata. Na ɗaga hannu zan rataya zani a igiya ke nan sai na ji gaisuwa dab da kunnena. Maƙwabcinmu ne, wani dattijon Bature mai furfura, da kofin shayi a hannu, yana murmushi ta saman shingen da da kyar ya wuce ƙuguna, wai yau gari ya yi kyau.

Ban san sanda na yar da bokitin ba. Na ruga ciki, na danna sakata, na zube a ƙasan kicin ina kuka kamar wadda aka aiko wa da saƙon rasuwa. Wankin nan a ciyawa ya yini.

Da Abban Hanif ya tashi daga barcin aikin dare na ba shi labari, sai ya kama dariya. "Haba Maman Hanif, mutumin nan sa'an Baba ne fa, kuma wallahi bai ma san an yi wani abin kunya ba." To ai abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ni da na tashi a Unguwar Rogo ta Jos, gidan da ko mai garuwa sai ya tsaya a zaure ya yi sallama, an aika yaro ya ce mata su kimtsa, sannan ya shigo kansa a sunkuye. Yau ni ce wani ƙato ya kalla tun daga tsakar ka har gwiwa, kuma a wurinsa zumunci ya yi.

Daga ranar na ɗaura aniyar sai na mai da filin nan tsakar gida. Na auna shi da ƙafa, taku bakwai ne a tsaye, huɗu a kwance. Rabi ciyawa, rabi daɓe, ga kwandunan shara masu taya sun cinye kusurwa guda. Ni a tunanina a kira birkila kawai ya jera bulo, kwana biyu an gama. Ashe ba a Jos nake ba. Da farko sai da muka nemi izinin mai gidan a rubuce, tunda haya muke. Sannan muka ji cewa a Ingila shingen baya ba ya wuce mita 2 sai da yardar ƙaramar hukuma, wanda ke bakin titi kuwa mita 1 ne. Har ragar katakon da ake ɗorawa a sama don furanni su hau, ita ma cikin lissafi take. Abin da ya ƙarasa ni shi ne da aka ce shingen da ke tsakaninmu da dattijon nan nasa ne, ba ma taɓa shi sai ya amince.

Na ce wallahi ba da ni ba. Abban Hanif ne ya je. Ban san yadda ya yi masa bayani ba, amma ya ce fuskar tsohon ta yi jajir, yana ta ba da haƙuri. Washegari ya miƙo mana na'urar huda katako da ma'aunin magina, aro.

Allunan shingen a shirye ake sayar da su, ƙafa shida-shida. Da na buga kuɗinsu da naira sai da na dafe ƙirji, na tuna Kasuwar Katako, inda Baba kan tsaya ya yi ciniki har mai kaya ya gaji ya ce kawo. Mu biyu muka haƙa ramuka, muka kafa ginshiƙai da siminti, Hanif yana miƙo ƙusa. Mutumin da a gida ko ƙwan lantarki ne ya mutu sai ya kira yaro, ga shi da guduma, hannu duk kanta.

Ranar da aka gama na ɗauko kujera na zauna, na zare hijabi, na yi ajiyar zuciya. Sai na ɗaga kai. Tagogi! Gidajen unguwar manne suke da juna, duk benaye ne na jan bulo, tagar kowane ɗakin sama tana kallon filina. Na ƙirga shida. Na mai da hijabina na koma ciki.

Sai da bazara ta sake zagayowa muka yi rumfa a kusurwar da ke jikin kicin, ginshiƙi huɗu da tamfol mai kauri, aka karkata shi don ruwa ya zurare. Na jera gora a manyan tukwane ta gefen da ya rage a buɗe. A tukunya ake sa ta, don in ta samu ƙasa saiwarta ratsawa take har gidan maƙwabci, ni kuwa na gaji da magana da maƙwabta. Abban Hanif ya haɗa min benci da ragowar katako. Tabarmar kaba da na ɗauko tun daga gida ko wata ba ta yi ba ta yi funfuna, dole na koma ta roba. Alayyafon da na shuka wasu halittu masu yauƙi, kamar dodon koɗi marar kwanso, suka cinye shi a dare biyu. Dankalin Turawa ne kawai ya rufa min asiri a cikin bokitai. Shi dama sanyi yake so, wa zai faɗa wa 'yar Jos?

Da Babbar Sallar 2024 na yi baƙi mata uku, biyu 'yan Kano, ɗaya 'yar Bauchi. Muka baje a rumfar nan da rigunan sanyi, ga masa, ga gwaten acca, kowa ta tuɓe mayafi, rana ba ta faɗi ba sai bayan tara da rabi na dare. Ɗayarsu ta ce, "Maman Hanif, kin dawo da mu gida." Ranar kaina ya kusa taɓa tamfol.

Sauran ranakun kuwa ni kaɗai ce. Hanif yana makaranta, babansa yana barci. Babu mai leƙowa aron rariya, babu mai tallan ƙosai. Dattijon ma yanzu sai dai in ji ƙarar cokali a kofinsa ta bayan allo. Na aika masa masa da Hanif, ya dawo da kwanon da biskit a ciki.

Da na nuna wa Hajiya wurin ta waya, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan ai akurki ne, 'yar nan. Amma Allah ya sa albarka." A wannan hirar ce ta faɗa min, kamar ba komai ba, cewa Yaya Kabiru zai fitar da ɗaki biyu a tsakar gidanmu ya zuba 'yan jami'a haya. Gwaibar Baba za a sare. A gindinta Hajiya take tsefe mana kai, a nan muke kewaye kaskon wuta in sanyin Disamba ya sauko, a nan aka yi zaman makokin Baba. Na kira Yaya a daren, na ce in kuɗin cefane ne zan ƙara abin da nake aikowa. Ya ce, "Ke da kike Turai, ina ruwanki da gwaiba?" Ban san na ɗaga masa murya ba sai da Abban Hanif ya karɓe wayar. Yau kwana tara ke nan bai amsa saƙona ba.

Na ce wa Auta ta ɗauko min hoton gidan ta kowace kusurwa, har da bakin rijiya da wurin turmi. Ta ce an riga an sauke yashi, ran Litinin magina za su fara.