Wasiƙa daga Texas: Yadda Ake Zaɓen Ƙaramar Bindiga Mai Sauƙin Sarrafawa

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida,

Muna gaishe ku daga Houston, da fatan kowa yana lafiya. Masu shirin zuwa Amurka suna yawan tambayarmu wace ƙaramar bindiga ce ta fi sauƙi ga mai son ɗauka a ɓoye a jikinsa. Amsar ta shafi nan ne kawai. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin makaman da aka haramta, ba a riƙe su sai da lasisin shugaban ƙasa. Ko a nan ma ba kowa ba ne. Mai takardar zama ta dindindin yana iya saya, amma dokar tarayya ta hana mai bizar karatu ko ta ziyara, sai a wasu 'yan keɓantattun halaye. Shago ba ya sayar wa wanda bai kai shekara 21 ba, kuma sai an cika fom mai lamba 4473 an binciki tarihin mutum.

Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne ɗaukar cewa ƙarama ita ce mai sauƙi. Ba haka ba ne. Ruger LCP ba ta kai giram 300 ba, tana ɓacewa a aljihu, amma rashin nauyin nan shi ke sa duk shurinta ya sauka a tafin hannu. Ƙotarta gajera ce, ɗan ƙaramin yatsa ba ya samun wurin zama, saitinta kuma ƙanƙane. Mutum ya harba ashirin hannunsa ya yi tsami, daga nan ya daina zuwa atisaye. Glock 19 kuwa, mai harsashi 15 da nauyin kusan giram 670, tana da daɗin harbi, sai dai ɓoye ta a ƙarƙashin riga mai shara-shara a zafin Houston aiki ne. A tsakaninsu ake samun Glock 43X da SIG P365, kowace da harsashi 10 mai kaurin milimita 9. A ganinmu nan ya kamata yawancin mutane su fara dubawa.

Abin da ya fi ba mutane wuya shi ne ɗana bindigar, wato jan ƙarfen saman nan mai zamewa baya don harsashi ya shiga ɗaki, wurin da yake zama kafin a harba. Sifirin ne ke riƙe da shi, kuma a ƙananan bindigogi yakan yi tauri ga shi wurin kamawa kaɗan ne. Dattawa, da masu ciwon gaɓɓai, da mata da yawa a nan suke tsayawa. Rabin matsalar dabara ce: kada a tsunkuli ƙarfen da yatsa biyu. A ɗora tafin hannun hagu a kan bayansa, a matso da bindigar kusa da ƙirji, bakinta yana kallon inda ba kowa, yatsa a wajen kunama, sai a tura ƙotar gaba da hannun dama da ƙarfi, a saki ƙarfen ya koma da kansa. In aka raka shi a hankali, harsashin yakan maƙale a hanya. Wanda dabarar ba ta ishe shi ba ya gwada Smith & Wesson Shield EZ, wadda ta fito a 2018 da harsashin .380 (wanda bai kai na milimita 9 ƙarfi ba), daga baya aka yi ta milimita 9. Sifirinta mai laushi ne, magazinta (gidan harsashi) mai cin 8 yana da 'yan kunnuwa a gefe da ake ja ƙasa yayin lodi. Amma tana da sakata a bayan ƙota, wadda ba ta buɗewa sai an damƙe sosai daga sama. Mai riƙon sako-sako zai ja kunama shiru.

Akan ce a ba mai rauni libarba tunda ba ta da abin ja. Gaskiya ne tsarinta ba rikici, in harsashi ya ƙi tashi sai a sake jan kunama. Sai dai kunamar Smith & Wesson 642 tana buƙatar ƙarfin fiye da kilo 5, ta Glock kuwa kusan kilo 2.5. Yatsa mara ƙarfi yana fama da ita, bakin bindigar ya kauce, harsashi ya sauka ƙasa da inda aka nufa. Harsashinta 5 ne, sake lodi kuma yana cin lokaci.

Kada a saya sai an harba. Filayen harbi da yawa suna ba da haya. A zaɓi uku, a harba harsashi 50 a kowace daga nisan yadi 7. A duba ko tsokar kan yatsa tana zama daidai a kan kunama ba tare da an murɗa riƙo ba, ko babban yatsa yana kaiwa maɓallin sakin magazin, ko za a iya kulle ƙarfen sama a buɗe, ko za a iya cika magazin har na ƙarshe. In kwanson harsashi yana maƙalewa a tsaye a bakin tagar da yake fita, yawanci wuyan hannu ne ya yi sanyi, ƙarfen bai sami abin dogara ba balle ya kai ƙarshen tafiyarsa. In ƙarfen ba ya tsayawa a buɗe bayan harsashin ƙarshe, babban yatsa ne ya danne mariƙinsa.

Kube rabin bindiga ne. Ya zama mai tauri, na Kydex (wata irin roba mai ƙarfi) ko fata mai kauri, wanda aka yi wa wannan samfurin takamaimai, ya rufe kunama gaba ɗaya, bakinsa ya tsaya a buɗe in an zare. Ga inda tufafinmu ke shigowa: wando mai zariya ba ya ɗaukar kube, sai bel mai tauri mai faɗin inci 1.5. Kaftani yana ɓoyewa da kyau, amma tsawonsa yana jinkirta zarewa, kuma bakin yadi yana iya shiga gidan kunama wajen mayarwa, bindiga ta tashi a cinya. A ɗage rigar da ɗaya hannun, a dubi kuben da ido, a mayar a hankali. Mace mai sa ta a jaka ta ware mata aljihu ita kaɗai, cikin kube, ba tare da makullai da jan-baki ba.

Cire magazin ba ya nufin bindiga ta zama fanko. Sai an ja ƙarfen baya an leƙa ɗakin, kuma magazin ake fara cirewa. A gida mai yara, in ba a jiki take ba, tana cikin akwati mai kulle.

Tun 1 ga Satumba 2021 Texas ta yarda a ɗauka ba lasisi, amma muna ba da shawarar a yi lasisin. Darasin awa 4 zuwa 6 ne, da gwajin harsashi 50 daga yadi 3 da 7 da 15, ana cinyewa da maki 175 cikin 250. A nan ake koyon inda ba a shiga da ita: makarantu, kotuna, gidan waya, da duk wurin da ya kafa alamar 30.06, wadda ke hana masu lasisi shiga da bindiga a ɓoye, ko da masallaci ne. Dokar New York ko Kalifoniya daban ce ƙwarai, a bincika kafin a tsallaka iyakar jiha. Mai zuwa gida hutu kuma ya zazzage jakarsa aljihu-aljihu, don harsashi ɗaya da aka manta ya isa a tsare shi a filin jirgi.

Wassalam,
'Yan'uwanku masu koyar da harbi a Houston