Bashin na mai gida ne, ba na ɗan haya ba

A Bronx nake zaune, cikin birnin New York, a gidan haya tare da wasu 'yan'uwa daga Gana da Nijar. Mai gidanmu ya jinginar da gidan a banki, biya ya gagara, banki ya maka shi a kotu. Mu dai takarda muka tarar an manna a ƙofar shiga. Kafin magariba zance ya gama gida wai za a watso mana kaya titi. Maƙwabcina har ya fara ɗaure katifa.

Na kira 311, lambar wayar neman taimako ta hukumar birnin, aka haɗa ni da wata lauya mai taimakon 'yan haya kyauta. Ta ce, "Malam, zauna abinka tukuna." A nan, ƙwace gida sai ta hanyar kotu, kuma shari'ar tana ɗaukar lokaci. Ko bayan an yi gwanjon gidan, akwai dokar tarayya ta 2009 mai kare 'yan haya, wadda wa'adinta ya ƙare a 2014 aka kuma maido ta dindindin a 2018. Sabon mai gida dole ya ba ɗan haya sanarwar kwana 90. In kana da rubutacciyar yarjejeniya kuwa, za ka zauna har ta ƙare, sai fa idan wanda ya saya shi ne zai tare a ciki. Canza makulli ko yanke wuta don a kore ka laifi ne.

Inda mutanenmu ke shan wahala shi ne takarda. Mun saba da hayar baki da baki, kuɗi hannu da hannu, ba rasit. To da me za ka nuna kai ɗan haya ne na gaskiya? Dokar ma ba ta kare wanda yake ɗa, ko mata, ko mahaifin mai bashin ba, haka wanda hayarsa ta yi ƙasa sosai da ta kasuwa.

Wasu sun daina biyan haya, wai gidan ba shi da mai shi. Ganganci ne, don da wannan kaɗai ana iya kai ka kotu. Ni na ci gaba da biya ta banki, ina adana kowace shaida.

Bayan gwanjo wakilin sabon mai gida ya zo da tayin kuɗi in miƙa makulli da wuri. Na ce ya rubuto, na kai wa lauya, muka ƙara wa'adi har yara suka gama zangon karatu, sannan na sa hannu.