Daga hannun majema zuwa Instagram: yadda nake sana'ar jakar fata a Sakkwato

Ni ba 'yar gidan dukawa ba ce. A gidanmu babu wanda ya taɓa riƙe basilla, kuma har na gama karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo abin da na sani game da fata bai wuce tintimin da ke ɗakin kakata da gafakar da mahaifina ke ajiye Alƙur'aninsa ba. Abin da ya ja ni cikin sana'ar shi ne ganin yadda ƙawayena ke zuba kuɗi a kan jakunkunan roba da ake shigowa da su daga Sin, waɗanda da zarar zafin watan Afrilu ya taɓa su sai su fara ɓarewa. A garin da aka san shi da fata a duniya! Abin ya tsaya mini a rai.

Duk ɗan Sakkwato ya san jar akuya, amma ba kowa ne ya san darajar fatarta ba. Tana da laushi, tana da ƙarfi, fuskarta kuma tana da wani irin tsari mai kyau da ba a samu a kowace fata. Shekaru aru-aru fatake suna ɗaukar ta a raƙuma su ƙetare Sahara zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, inda masu ɗaure littattafai masu tsada ke rububinta da sunan fatar Maroko. Majemin da ya sha wahalarta a ƙasar Hausa ko sunan garinsa ba ya zuwa. Yau ma kusan haka ne: dillalai su tara fatu su kai manyan kamfanonin jima na Kano, a Sharaɗa da Chalawa, a yi musu rabin aiki, a tura Italiya da Sifaniya, su dawo mana a matsayin takalma da jakunkuna da tambarin wasu.

Da zanen jaka a takarda na fara shiga Madunka, unguwar da dukawan garin nan suke. Dattijon da aka haɗa ni da shi ya daɗe yana kallon zanen, ya juya shi sama da ƙasa, sannan ya ce, "Ɗiyata, mi za a sa ciki?" Na ce waya da makulli da ɗan turare, Baba. Ya ce to a faɗaɗa gindin, a ninka fatar hannu biyu, domin hannu ne ke fara mutuwa a jaka. Tun daga ranar ba na yanke hukunci a kan zane sai ya gani.

Shi ne kuma ya ce idan da gaske nake, in je in ga inda ake jima. Wurin ba ya da daɗin shaƙa, wannan kowa ya sani, amma a can ake yanke wa jaka ƙaddararta. Ana jiƙa fatar a ruwan toka har gashin ya saki, a ɗora ta a kan itace a kankare, a wanke, sannan a tsoma ta cikin ruwan bagaruwa da aka daka. Bagaruwar ce ke mayar da ɗanyar fata ta zama abin da ba ya ruɓewa. Bayan nan a shanya, a shafa mai, a yi ta murza da ja har ta yi laushi. Ja na gargajiya da karan dafi ake yin sa, kuma duk rinin kanti da na gwada ban ga wanda ya kai shi zurfin launi ba.

Zaɓen fata ma ilimi ne. Baba yakan ɗaga ta sama ta fuskanci rana, ya sa ni in duba ta baya. Duk inda wuƙar mai fiɗa ta zarce, sai ka ga haske ya ratso wurin, alhali a ƙasa lafiya lau take. Yakan bi ta da yatsa yana neman tabon ƙaya da na ƙazuwa, ya naɗe gefe ɗaya ya ga ko fuskar za ta tsage, ya kai hanci ya shinshina. Wata rana na ɗauki wata ja jawur da ta burge ni, ya karɓa ya ja ta ta wajen ciki, ya ce, "Wagga ba ta jaka ba ta, ta laya ta." Wajen ciki siriri ne yana miƙewa, gadon baya shi ne mai ƙwari. Saboda haka fuskar jaka daga gadon baya muke yanka ta, gefe-gefen kuma su tafi ga alabe da maƙalin makulli, babu abin da ake zubarwa.

Bayan babbar salla fata takan yi yawa a gari, amma a lokacin ne kuma aka fi samun wadda aka ɓata, domin mutane da yawa da kansu suke fiɗar layyarsu, ga jinkirin sa gishiri. Kafin salla kuwa dukawa ba su da lokacin kowa, aikin kayan doki da takalma ya sha musu kai. Yanzu nakan tsara odar salla tun watanni kafin ta zo.

Masu saye ta intanet sun koya mini wasu abubuwan da ba a damu da su a kasuwar gida ba. Na farko wari. Mu da muka tashi da tintimi a ɗaki, ƙanshin fata ba ya damun mu, amma mai saye a Abuja ko Legas da ta buɗe kwali ta ji shi za ta ce a mayar mata da kuɗinta. Maganinsa ƙarin wanki da doguwar shanya a inuwa, da rage man da ake shafawa, kuma duk wannan ƙarin kwanaki ne a kan majemi, dole a biya shi. Sai zubar rini. Mace ta rataya jar jaka a kan farin leshi ranar biki, gumi ya taɓa, shi ke nan an yi ɓarna. Kowace fata yanzu sai na goga mata jiƙaƙƙen farin ƙyalle kafin a sa mata wuƙa. Zif da ƙarafa daga Kano nake sayo su, ina kuma zaɓen masu tsada, domin masu araha damina ɗaya suke yi su yi tsatsa su ɓata aikin mako guda.

Wanda ya fi ba mu wuya shi ne awo. Baduku da ido da taƙi yake aiki, jaka biyu daga hannunsa ba sa zama iri ɗaya, kuma a wurinsa wannan ba aibi ba ne. Ita kuwa wadda ta ga hoto a Instagram, abin da ta gani shi take so, ba ƙari ba ragi. Sai na yanka kowane samfuri a kwali mai kauri na kai rumfa. Da farko yaran Baba ba su so ba, suna ganin raini ne a ce mai shekara da shekaru a sana'a ya bi kwali. Da suka ga yankan ya fi sauri, fata kuma ba ta asara, su da kansu suka fara yanka wa nasu takalman.

Shekarun nan ba su yi wa ƙananan 'yan kasuwa sauƙi ba. Gobarar da ta ci babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021 ta durƙusar da mutane da yawa da muke hulɗa da su. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, masu saye suna turo mini ta banki, majema kuma tsaba suke so domin da tsaba suke sayen ɗanyar fata da bagaruwa, sai da aiki ya tsaya cak. Cire tallafin man fetur a watan Mayun shekarar ya ɗaga kuɗin aika kaya ta tasha, ga shi Sakkwato nesa take da manyan kasuwanni. Rufe iyakar Illela bayan juyin mulkin Nijar ya yanke mana masu saye daga Birnin Ƙonni da ma gaba.

Abin da ya riƙe ni shi ne sauran masu ƙananan sana'o'i irina. Akwai matan da ke dama fura da nono su zuba a gora mai murfi, kullum suna fama da wuta da ƙanƙara. Akwai masu dambun nama da kilishi da suka koyi ɗaure kaya tsaf har a kai wa ɗan Sakkwato da ke Ingila, da masu lalle, da teloli mata, da samarin da ke ɗaukar hoto da waya. Idan an sami baje-koli mukan haɗa kuɗi mu kama rumfa ɗaya. Lokacin aure kuwa mai haɗa lefe takan ɗauki jaka a wurina, turaren wuta a wurin wata, mayafi a wurin wata. Wani saurayi mai zanen rubutun Larabci ne ya fitar mini da adon da muke bugawa a murfin jaka, daga irin zayyanar da ake yi wa allon sauka.

Akwai abin da nake jin nauyinsa a wannan sana'a. Ni ke da waya, ni ke da shafi, ni ake yaba wa idan jaka ta yi kyau. Idan ban kula ba, abin da aka yi wa majeman da a Turai shi zan yi wa Baba a cikin garinsa. Don haka kowace jaka tana fita da 'yar takarda da ke cewa an jeme fatar a Sakkwato, an ɗinka a Madunka, kuma da izininsa nakan ɗauki bidiyon hannunsa yana aiki. Kuɗin aiki kuma ba na taya shi kamar ana cinikin tumatir. Mukan zauna mu lissafa kwanakin da aikin ya ci, a kan haka nake ɗora farashi, wanda ya ga ya yi tsada ya haƙura. Wasu sun haƙura ɗin. Waɗanda suka saya kuwa su ne ke dawowa, su ne ke turo 'yan'uwansu.

Damuwar Baba yanzu ita ce magada. Samarin unguwar da yawa sun fi son tuƙa keke napep, kuɗinsa a hannu yake kullum, dukanci kuwa sai an yi shekaru ana koyo kafin a ci moriyarsa. Ba na ganin laifinsu. Abin da na iya yi shi ne na ware wani kaso a kowace oda domin masu koyo a rumfarsa, a riƙa ba su duk mako ko an sayar ko ba a sayar ba. Ɗaya daga cikinsu ya iya saƙar hannun jaka da siraran tsinken fata fiye da kowa a wurin, kuma odar lefen da ke gabanmu shi zai yi hannayenta gaba ɗaya.