Abin da ke lalata mutum-mutumin tagulla a harabar gwamnati

Mutum-mutumin Nelson Mandela da aka buɗe a harabar fadar gwamnatin Afirka ta Kudu da ke Piritoriya ranar 16 ga Disamba, 2013, tsawonsa mita 9 ne. Irin wannan aiki ba dunƙulallen ƙarfe ba ne. Cikinsa rami ne: ana zuba tagullar gunduwa-gunduwa, a haɗa ta da walda, a ɗora ta kan ƙarafan da ke riƙe ta daga ciki.

Daga cikin nan ne ɓarna take farawa. Idan aka yi ƙarafan ciki da baƙin ƙarfe, danshi na shiga sai su yi tsatsa, su kumbura, su tsaga tagullar. Shi ya sa ake amfani da ƙarfen da ba ya tsatsa, har da notocin da ke ɗaure mutum-mutumin da dandamali. Sannan dole a bar ƙananan ƙofofi a ƙasa domin ruwan da ya taru ya fita. Sau da yawa mai gyara kan ɗauke su a matsayin aibi ya toshe da siminti, abin takaici.

Kula da jikin mutum-mutumin ba wuya. A wanke da ruwa, sabulu marar ƙarfi da burushi mai laushi, a bari ya bushe sarai, a shafa kaki siriri, a goge. Sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa. Kada a kankare shi da yashi ko burushin waya, kada a yi masa fenti. A kuma kawar da bututun ban-ruwan furanni daga gindinsa, don gishirin ruwan na barin farin tabo.